Mudu Ɗaya, Rumfuna Uku

Ɗan jaridar wannan zamani, ko ya so ko ya ƙi, yakan wayi gari da kula da shafin intanet fiye da ɗaya. Nawa uku ne: wani ƙaramin shafin labarai da muke gudanarwa da abokan aiki, da rumbun tsofaffin rahotannina, da shafin wata ƙungiyar unguwa da aka ɗora mini don kawai an san ina taɓa kwamfuta. Dukansu suna bukatar gwaji kafin a sake su ga jama'a: shin suna buɗewa da wuri a wayar mai ƙaramin ƙarfi? Shin ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa daidai, ko sun rikiɗe zuwa 'yan akwatuna? Daga nan tambaya ta taso, wadda ta fi kama da ta kasuwa fiye da ta fasaha: in sayi mudu ɗaya in riƙa yawo da shi, ko kowace rumfa ta mallaki nata?

A duniyar Node.js, inda mafi yawan waɗannan manhajoji suke zaune, hanyoyin biyu ne. Idan ka rubuta umarnin npm install kawai, manhajar za ta sauka cikin foldar aikin da kake ciki, a kuma rubuta sigarta a fayil ɗin package.json. Idan ka ƙara -g, sai ta sauka a wuri guda na kwamfutar baki ɗaya, ka iya kiranta daga ko'ina. Ga wanda yake sayen data da kuɗin aljihunsa, kuma wutar lantarki ba ta da alkawari, hanya ta biyu tana da daɗin ji. Me zai sa a sauke abu guda sau uku?

Game da Lighthouse, manhajar Google mai auna shafi ta ba shi maki daga 0 zuwa 100, na bi wannan hanyar ba tare da wata-wata ba. Umarni ɗaya, npm install -g lighthouse, ya wadatar, muddin akwai Chrome a kwamfutar. Abin da nake so a tare da ita shi ne, bisa tsarinta na asali, tana kwaikwayon wayar matsakaicin ƙarfi da intanet mai jan ƙafa, wato yanayin da galibin masu karanta ni suke ciki. Ba ta shiga cikin ginin shafin. Daga waje take tsayawa ta auna. Kuma tunda kwatanta shafukan uku nake son yi, dole ma'aunin ya zama ɗaya.

Sai dai mudun nan yana sauya girma. A 2020, siga ta 6 ta shigo da sababbin ma'aunai, ciki har da wanda ke lura da yadda rubutu da hotuna ke zamewa yayin da shafi yake buɗewa. A 2023, siga ta 10 ta cire ma'aunin lokacin da shafi ke ɗauka kafin ya fara amsa taɓawa, ta kuma ɗaga nauyin ma'aunin zamewar zuwa kashi 25 cikin 100. Ma'ana, shafin da ba a taɓa ko waƙafi a cikinsa ba zai iya samun maki daban washegarin sabuntawa. Ɗan jarida ya san haɗarin kwatanta alƙaluman bana da na bara alhali an sauya hanyar ƙidaya a tsakani. Shi ya sa duk makin da na rubuta a littafina, nakan rubuta lambar sigar a gefensa.

Playwright, wadda Microsoft ta fitar a 2020, labarinta daban ne. Ita ba aunawa kawai take yi ba: kai ne za ka rubuta mata abin da za ta yi, ta buɗe shafi, ta danna maɓalli, ta cike fom, ta tabbatar saƙo ya tafi. Waɗannan rubuce-rubucen gwaji suna zaune cikin aikin, kuma suna jingine da sigar da aka rubuta su da ita. Sabunta kwafi ɗaya na kwamfuta baki ɗaya na iya karya gwajin shafuka uku a dare guda. Ga kuma abokin aiki: idan ya kwafi aikin zuwa tasa kwamfutar, package.json ba zai faɗa masa komai game da abin da ke ɓoye a tawa ba. Bugu da ƙari, Node ba ya leƙa foldar bai-ɗaya idan fayil ɗin aiki ya nemi wata manhaja, sai an yi masa dabara, irin dabarar da ake mantawa bayan wata biyu.

Abin da ya kwantar mini da hankali game da data shi ne gano inda nauyin yake. Manhajar kanta ba ta da girma sosai. Burauzocin da take saukewa, Chromium da Firefox da WebKit, su ne masu cin ɗaruruwan megabait. Su kuwa tun asali ba a cikin aikin ake ajiye su ba. A Linux suna zuwa ~/.cache/ms-playwright, inda duk aikin da ke kan siga ɗaya zai same su. Cypress ma haka take ajiye babban kayanta a ma'aji guda. Don haka nake riƙe shafukan uku a kan sigar Playwright ɗaya, kowanne da nasa kwafin, in sauke Chromium kaɗai a ranakun da data ta yi ƙasa, in kuma bar sabuntawa sai ranar da na je ofishin da ke da intanet mai ƙarfi, shafi ɗaya bayan ɗaya, ina farawa da rumbun rahotanni, wanda ko ya karye ba mai kira na a waya.