Baƙo a ƙofar fada

Yara, garin Tsibiri yana cikin gundumar Gidan Runji, kusa da Maraɗi. Can fadar Sarkin Gobir take. Gobirawa suka kafa garin wajen shekarar 1836, bayan yaƙin Gawakuke. Har yau baƙi suna zuwa gaisuwa daga kusa da nesa. Amma ba wanda yake faɗawa cikin fada kamar mai shiga kasuwa.

Ina ɗan shekara 10 na raka kawuna gaisuwa can. Da muka isa ƙofar zaure, kawu ya yi sallama. Ya gaya wa wani dogari sunansa da sunan garinmu. Dogarin ya shiga neman mana iso, mu kuma muka zauna inuwa. Jira ya yi jira. Na ce: «Kawu, ba ga ƙofa buɗe ba?» Ya ce: «Buɗe take, ɗana, amma ba a ce mu shigo ba tukuna.»

Da aka yi mana iso, muka tuɓe takalma tun daga waje. Kawu ya durƙusa, ya yi jinjina, ya ce: «Ranka ya daɗe!» Fadawa suka amsa a madadin sarki. Goron da muka kawo, hannun wani bafade kawu ya sa shi. Bai faɗi abin da ke tafe da mu ba sai da gaisuwa ta ƙare tsaf.

Ba fada kaɗai ake haka ba. Ko gidan talaka ne a ƙauyukan Agiye ko na Gazawa, baƙo yakan tsaya ƙofa ya yi sallama har a amsa. In an kawo ruwa ko fura, sai ya karɓa da hannun dama. Ko ba ya jin ƙishirwa ya kurɓa kaɗan, don ƙin sha yana ɓata ran mai gida.

Da na girma na karanta labarin wasu mutane, Mawori, na ƙasar Niyu Zilan, can tsakiyar teku. Su ma tun 1982 suka buɗe wuraren koya wa ƙananan yara harshensu. Tarbar baƙinsu ta ba ni mamaki. Baƙi sukan taru a bakin filin taro, su yi shiru. Ba sa motsawa sai wata mace daga masu gida ta ɗaga murya ta kira su. Wata mace cikin baƙin ta amsa, sannan su taho a hankali. Ana tuna matattu, ana jawabai da waƙoƙi. Baƙi su ajiye kyauta. Daga nan a gaisa ta haɗa hanci da hanci. In za a shiga babban ɗakin taro, galibi sai an tuɓe takalma. A ƙarshe a ci abinci tare, baƙo ya zama ɗan gida. Haɗa hancin dai ba namu ba ne, amma sauran kusan duka mun san su.

Na sha jin samari suna cewa jira a ƙofa ƙasƙanci ne. Ni ban yarda ba. Wanda ya ce maka «shigo» ya ɗauki nauyinka. Cinka da shanka da wurin kwananka sun hau kansa. Wanda ya kutsa kuwa, ba mai tambayar ko ya ci abinci.

Da yawa cikinku za su tafi kwaleji a Agiye ko Maraɗi, su sauka gidan da ba nasu ba. Da safe ku gai da mai gida da uwargida kafin ku ɗauki jakar makaranta. Ranar komawa gida hutu, ku nemi sallama. In an taso yi muku rakiya, ku bari a taka muku har bakin hanya, sannan ku ce: «Baba, a koma haka nan, mun gode.»