Tazarar Haihuwa da Bakin Malamar Asibiti

Mu da muka tashi a lungunan Jakara, dab da Kasuwar Kurmi, mun san tazarar haihuwa tun kafin a raɗa mata wannan suna. Kakanninmu na mayar da mai jego gidan iyayenta, ta yi wankanta, ta shayar da ɗanta kusan shekara 2. Wadda ciki ya shige ta da goyo a baya kuwa, sai a ce ta yi kwanika, 'yan'uwa su dinga yi mata tsiya. Da zamani ya sassauta wannan al'ada, sai kwanika ta yawaita, jinin uwa ya ƙare, yaro ya rame.

A 1988 gwamnatin Babangida ta fito da manufar yawan jama'a, mai ƙarfafa 'ya'ya 4 ga kowace mace. Kalmar "ƙayyade iyali" ta toshe kunnuwan mazanmu, domin a wurinmu haihuwa kyautar Allah ce, ba a yi mata iyaka. Sai da aka koma cewa "tazara" sannan aka fara saurare.

Amma sauya kalma kaɗai bai isa ba. Matar da ta shiga Asibitin Haihuwa na Sabo Bakin Zuwo, a nan Jakara, malamar asibiti za ta tarar, ba takardar gwamnati ba. A nan ne kwas ɗin da ake tura malaman jinya da ungozomomi yake da amfani. Can suke koyon auna hawan jini kafin ba da ƙwaya, da yin allurar wata 3, da dasa ashana a ƙarƙashin fatar dantse, mai shekara 3 ko mai 5, da cire ta ranar da mace ta so. Suna koyon faɗa wa mace tun farko cewa al'adarta na iya rikicewa, don kada ta ga jini ta firgita, ta shiga unguwa tana cewa an lalata mata mahaifa. A 2011 gwamnatin tarayya ta mayar da waɗannan kaya kyauta a asibitocinta da na jihohi, a 2014 kuma aka amince ma'aikatan lafiya na matakin farko su ɗauki wani ɓangare na aikin bayan horo.

Darasin da ya fi wuya, a ganinmu, shi ne riƙe baki. A cikin birni katanga ɗaya ke raba gida da gida, malamar na iya zama ƙawar kishiya ko 'yar ɗakin uwar miji. In ta yi tsawa, ko zancen ya riga mace isa gida, ba za ta sake komawa ba, har sai an kawo ta ranga-ranga.

'Yan'uwa marubuta, littattafanmu sun cika da likitoci masu motoci. Ina labarin malamar da ta ce, "Hajiya, zauna ki huta, me ke tafe da ke?" sannan ta ja labule?