Ziyara Tsohuwar Kwalejin Katsina: Inda Manya Suka Koyi Turanci

Da sanyin safiyar wata Asabar muka hau mota a Kano, mu shida, dukkanmu ɗaliban jami'a masu karanta Turanci. Muka wuce Bichi, muka wuce Tsanyawa da Kankiya, hantsi bai dubi ludayi sosai ba muka shiga birnin Dikko. Ba Hasumiyar Gobarau ce ta kawo mu ba, ko da yake mun leƙa ta daga baya. Mun zo ganin wata tsohuwar makaranta ce, wadda sunanta ya yi ta fitowa a darussanmu har muka ce sai mun gani da ido.

Wanda bai san tarihin wurin ba zai iya wuce shi bai waiwaya ba. Gini ne na jar ƙasa, mai kaurin bango, irin na mutanen da. Da muka shiga ciki sai muka ji sanyi ya ratsa mu, kamar ba mu ne muka fito daga zafin rana ba. Nan ce Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922 domin horar da malaman makaranta. A 1938 aka mayar da kwalejin Kaduna, a 1949 ta koma Zariya, inda yau ake kiran ta Kwalejin Barewa. Tsohon ginin kuwa yana nan cikin gine-ginen tarihi na ƙasa.

A ɗakunan nan Ahmadu Bello ya zauna yana ɗalibi, kafin ya zama Sardaunan Sakkwato kuma Firimiyan Arewa. A nan Abubakar Tafawa Balewa da Abubakar Imam suka yi karatu. Lokacin da suka zo, samari ne kamar ku. Ba su da waya, ba su da intanet, kuma ba a magana da Turanci a gidajen da suka fito. Abin da suke da shi littafi ne da malami da naci.

Muna tsaye a wani ɗaki sai ɗaya daga cikinmu ya yi shiru. Mun san dalili. Shi ne wanda ya ci lissafi da sauran darussa a jarrabawar kammala sakandare, amma Turanci ya kayar da shi sau biyu. Shekara biyu ya yi a gida yana taya mahaifinsa zaman shago, tsaransa suna tafiya jami'a. Ya taɓa gaya mana cewa a sakandare ya ɗauki Turanci darasin 'ya'yan masu kuɗi ne, har in malami ya ce ya tashi ya karanta sai ya sunkuyar da kai don kada a yi masa dariya. Ranar nan ya dubi bangon ƙasar ya ce, "Wallahi ajinmu na sakandare ya fi wannan kyau. Ashe ba gini ba ne."

Ku dubi abin da ya fito daga wannan gini. Ran 7 ga Oktoba 1960, kwana shida bayan samun 'yancin kai, Tafawa Balewa ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi jawabi da Turanci a madadin Nijeriya. Saboda daɗin lafazinsa ake masa kirari da mai muryar zinariya. To amma shi ɗin ne dai ya rubuta Shaihu Umar da Hausa, lokacin gasar rubutun ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a 1933. A gasar nan Abubakar Imam ya kawo Ruwan Bagaja, daga baya ya rubuta Magana Jari Ce, ya kuma zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Imam ya karanta labaran Larabawa da na Turawa, ya juya su ya sa musu rigar Hausa, har mai karatu ya ɗauka a ƙofar gidansu abin ya faru.

Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mana a rai. Sau da yawa muna jin ana cewa wanda ya rungumi Turanci zai yar da harshensa, ko kuma wanda ya ƙware a Hausa ba zai iya Turanci ba. Mutanen nan sun riƙe biyun, kowanne ya ƙarfafa ɗaya. A 1967 ma aka fassara Shaihu Umar zuwa Turanci, waɗanda ba su jin Hausa suka karanta.

Saboda haka, ƙannenmu, ga abin da muka tattauna a mota kan hanyar komawa. Ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci, kuma a jarrabawar JAMB kowa sai ya rubuta shi, ko likita yake son zama ko injiniya. Littattafan adabin da aka sa muku, ku karanta su da kansu, kada ku tsaya kan ƙananan littattafan taƙaitawa. Waƙa da wasan kwaikwayo, ku karanta su da murya, domin don kunne aka yi su. Ku ware littafin rubutu ɗaya na sababbin kalmomi. In kun gama babi, ku ba ƙaninku labarinsa da Hausa. In kun kasa, to ba ku gane ba tukuna, ku sake komawa. Bambancin "p" da "f" da ke ba mu wahala kuwa, da maimaici yake gyaruwa, ba da ɓuya ba. Wanda ya yi muku dariya yau, ba shi zai rubuta muku jarrabawa ba.

Abokin namu da haka ya ci a karo na uku. Kullum bayan sallar asuba yakan karanta shafi biyu da ƙarfi a cikin shago kafin masu ciniki su fara zuwa.

Duk wanda hanya ta kai shi Katsina, ya nemi a nuna masa wannan tsohuwar kwaleji. In makarantarku na shirya fita yawon buɗe ido, ku roƙi malamin Turanci ya sa ta a lissafi.