Wray: Ƙauyen Da Manoma Suka Haƙa Wa Kansu Hanyar Intanet

Yau tafiya za mu yi, sai ki gyara zama ki biyo ni. Inda za mu ba Landan ba ne, ba kuma irin manyan biranen Turai da kike gani a hoto ba. Wani ɗan ƙauye ne a arewa maso yammacin Ingila, sunansa Wray, masu garin suna furta shi "Rei". Mutanensa kusan 500 ne, wato wata unguwar ma a garinku ta fi shi jama'a.

Jego ne ya kai ni ƙasar. Ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Lancaster ta haihu, aka ce ni zan je in kula da ita. Da ta yi arba'in, wata abokiyar karatunta ta gayyace mu gidansu a wannan ƙauye. Daga Lancaster tafiyar kamar kilomita 16 ce, ana bin kwarin kogin Lune. Da kin fita gari sai titi ya tsuke, har in mota biyu suka haɗu sai ɗaya ta raɓe. Hagu da dama tuddai ne kore shar, an yanka su gona-gona da katangun dutse waɗanda aka jera ba siminti ba laka, tumaki kuwa ko'ina kika duba. Ga yayyafi da ba ya sallama, ga sanyi mai shiga ƙashi.

Mun yi sa'a mun isa lokacin bikin da ƙauyen ya yi suna da shi. Duk shekara, daga ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, kowane gida kan ɗinka mutum-mutumi irin na korar tsuntsaye a gona, a sa masa riga da hula a kafa shi a ƙofar gida. Wani yana kan keke, wani yana leƙe ta taga. Gidajen na dutse ne, tsofaffi, a kusa da inda ƙananan koguna biyu, Hindburn da Roeburn, suka haɗu. In kin gan shi za ki ce garin da zamani ya manta da shi ne.

Abin da ya tsaya mini a rai kuwa a ɗakin girkin mai masaukinmu ya faru. Ta ba ni lambar shiga intanet ɗin gidan, na ce bari in kira Inna ta bidiyo ta ga jikanta. Kafin in ɗauke yatsa kira ya shiga. Amma daga can gida fa? Sai da ƙanena ya fita da wayar bakin makarantar firamare, inda sabis ya fi kamawa, Inna na biye da shi da mayafi. Hoton ya tsaya, murya ta yanke, ya dawo, ya sake tsayawa. A ƙarshe dai kunnen jaririn da gefen hularsa ta gani, ta yi ta sa albarka. Na ajiye waya raina ba daɗi. Ni ina ƙauye, ita tana ƙauye, to me ya raba mu?

Da na yi wannan ƙorafi, mai masaukin ta yi dariya, ta ce su ma ba da daɗewa ba haka suke. Daga nan ta ba ni labarin, sauran kuma na bi na karanta daga baya.

A da, intanet ɗin yankin ta tsohuwar wayar tarho ta tagulla yake zuwa. Ita kuwa tagulla, gwargwadon nisanki da cibiyar tarho gwargwadon raunin abin da zai iso gare ki. Gidan gonar da ke can bayan tudu sai dai ya samu ɗigo-ɗigo. Maganin shi ne kebul ɗin fayiba, wani zaren gilashi siriri kamar gashin kai, wanda haske ke bi ta cikinsa ɗauke da saƙo, nisa bai cika rage masa ƙarfi ba. Shi zaren ba shi ne mai tsada ba. Tsadar tana wajen haƙa ramin da za a binne shi, da kuɗin izinin ratsa filayen mutane. Manyan kamfanoni suka yi lissafi: a haƙa kilomita da yawa saboda gida uku ko huɗu? Ba riba. Suka tsaya a birane.

Kada ki ɗauka kallon fim ne kawai ya dame su. A Ingila duk ɗan maraƙin da aka haifa dole a yi masa rajista da hukuma cikin kwana 27, kuma harkokin manoma da gwamnati sun koma ta intanet. Yara ana ba su aikin gida da sai an shiga intanet. Matasan ma'aurata kuwa ba sa son zama inda ba za su iya aiki ba, sai su tattara su koma birni. In matasa suka watse, makarantar ƙauye ta rasa ɗalibai, a rufe ta, gari ya zama na tsofaffi.

A nan ne wata mace ta shigo labarin, Chris Conder, matar wani manomi a wannan yanki. A 2009 bishiyoyi suka yi tsawo suka tare saƙon da ke zuwa ta iska daga turken sadarwa zuwa gonar maƙwabtansu. Maimakon ta zauna jiran kamfani, sai ta sayo kebul ɗin fayiba na kilomita guda, aka fito da taraktar gona aka tsaga rami, aka binne. Ya yi aiki. Abin da ake cewa sai injiniyoyin birni, ga shi matar manomi ta yi.

Gani ya kori ji. Ita da wani masanin harkar sadarwa mai suna Barry Forde, wanda ya yi aiki a Jami'ar Lancaster, da wasu mutanen yankin, suka kafa ƙungiya a 2011, suka sa mata suna B4RN. Suna furta sunan "ban", kalmar da a harshensu ke nufin rumbun gona. A 2012 aka fara haƙa a ƙauyen Quernmore, daga nan aiki ya yi ta bin ƙauyuka.

Ki dubi yadda suka tsara abin, don a nan darasin yake. Ƙungiyar ta jama'a ce, ba ta wani attajiri ba. Mai kuɗi ya sayi hannun jari, mai ƙarfi ya yi haƙa a biya shi da hannun jari. Ribar da aka samu ba a rabewa a ci, cikin aikin da al'umma take komawa. Maimakon su bi gefen titi, inda fasa kwalta ke cin kuɗi, sai suka ratsa ta cikin gonaki, masu gonakin suka ba da izini kyauta. Tarakta na jan wata garma mai tsaga ƙasa tana cusa siririn tiyo a ciki. Inda tarakta ba ta shiga, sai a sa shebur da diga. Bayan an binne tiyon, a kawo injin iska ya hura zaren gilashin ta ciki har ya ɓullo a ɗaya gefen. Haɗa bakin zare da zare aiki ne mai son natsuwa da hannu marar rawa, mutanen gari ne suka koya, maza da mata. Waɗanda ba su iya haƙa ba suka riƙa kai wa ma'aikata shayi da kek har gona. In ba aikin gayya ba, me za ki kira wannan?

Sun kuma kafa wata ƙa'ida da ta burge ni: in aka shiga yanki, ba a tsallake gida don ya yi nisa. Na tsakiyar gari da na ƙarshen tudu kuɗi ɗaya suke biya. Da aka fara, fam 30 ne a wata, a kan gudun megabit 1,000 a daƙiƙa, wajen saukewa da wajen turawa. A lokacin, yawancin gidajen Landan ba su da irin wannan. A 2015 aka karrama Chris Conder da Barry Forde da lambar girmamawa ta Sarauniyar Ingila.

Da yamma mai masaukinmu ta zaga da mu bayan gida. Na yi ta dube-dube ko zan ga alamar wannan gagarumin aiki. Babu. Ciyawa ta rufe ramin tuntuni, tumaki na kiwo a kai. Wani ɗan akwati kawai ta nuna mini a jikin bango, inda zaren ya shiga gida.

Ba zan ruɗe ki ba, uwargida, ba komai nasu ne zai yiwu a wurinmu yadda yake ba. Su suna da wutar lantarki dare da rana, suna da tarakta a gida, suna da 'yan kuɗin sayen hannun jari. Amma abin da ya hana kamfanoni zuwa ƙauyensu shi ne yake hana su zuwa namu: tsadar haƙa da kuɗin izinin hanya. A Najeriya an amince jihohi su riƙa karɓar naira 145 a kan kowace mita ta kebul, amma an daɗe ana kokawa da masu karɓar fiye da haka. Jihar Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya a 2020. Kuma ko turken sabis ɗin da ke bayan garinku, in ba shi da kyakkyawan layin da ke ciyar da shi, banza ne ki ga sanduna sun cika a waya, saƙo na ta juyawa bai tafi ba. Ga masu aikin titi da ke tsinke kebul, ga ɓarayin da ke tone shi suna zaton tagulla ce, alhali gilashi ne da ba zai saye su ko goro ba.

Don haka akwai abin da ke hannunmu. Ranar da ɗan takara ya zo neman ƙuri'ar mata, bayan maganar ruwa da asibiti, a tambaye shi nawa jiharsa ke karɓa kafin a binne kebul. In aikin ya biyo ta gonar gidanku, ki ba maigida shawara kada a tsawwala. In an binne, a ja kunnen yara da matasa su san dukiyar gari ce. A taron ƙungiyarku ta adashi ko ta Islamiyya, ki ɗago zancen. Ɗiyarki da za ta zauna jarrabawar JAMB a kan kwamfuta, da mai sayar da turaren wuta ta WhatsApp, da mai jiran kuɗi a wurin mai POS ana ce mata babu sabis, duk maganarsu ce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mutanen kwarin Lune ba su fi mu sanin gayya ba.

Inna dai ba ta ga fuskar jikanta sosai ba sai da na dawo na nuna mata hotuna a wayata, muna zaune a tabarma. Ta daɗe tana kallo, ta ce hancin na kakansa ne.

Ke fa, a garinku ina ake zuwa kafin a samu sabis? Bakin kasuwa, kan tudu, ko sai an hau katanga? Ki ba mu labari.