Gurasa: Baƙuwar Da Ta Zama 'Yar Gari

Duk wanda ya tashi a birnin Kano kamar ni, ya san gurasa tun kafin ya san burodi. Bandashe kuwa, wato gurasar da aka yayyafa wa ruwa, aka barbaɗe da garin ƙuli-ƙuli da yaji, aka zuba man gyaɗa da albasa, shi ya raini da yawa daga cikinmu a kwanakin da aljihu ya yi sanyi. Saboda haka nakan yi murmushi idan na ji 'yan'uwa ɗalibai suna kirari da ita a kan ita ce abincin Bahaushe na gado, burodi kuwa na baƙi.

To, jama'a, gurasa ma baƙuwa ce. Sunanta ya fito daga Larabci, ƙursa, wato abu mai faɗi kewayayye. Alkamar da ake yin ta da ita, ita ma daga alƙamhu ne. Tanderun da ake gasa ta a ciki ɗan'uwan tannur ne na Larabawa. A arewacin Sudan ma suna da tasu gurasar, sai dai su a kan kasko suke yi, su ci da miya. Dattawan birni suna cewa fataken Larabawa ne suka zo mana da ita, kuma tarihi bai ƙaryata su ba, domin Baturen nan Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar da 'yan kasuwar Gadamus zaune a cikinta.

Shin wannan ya rage mata daraja? A ganina ko kusa. Balarabe ya kawo gashi, amma ƙuli-ƙuli da yaji da haɗa ta da tsire, wannan hikimar Bakano ce. Abin da ya shekara fiye da ɗari a hannun iyayenmu mata, ya ciyar da marayu, ya aurar da 'ya'ya, ai ya wuce a kira shi aro.

Inda gizo ke saƙar shi ne fulawa. Galibin alkamar da ake niƙawa a Nijeriya daga waje ake sayo ta. Gwamnati ta hana shigo da ita a 1987, daga baya ta janye hanin, noman gida bai cike giɓin ba. A watan Fabrairun 2024 sai da matan da ke gasa gurasa a Kano suka fito zanga-zanga saboda tsadar fulawa, domin da yawansu jari ya karye.

Don haka ina roƙon masu kishin al'ada a cikinmu, mu rage gardama kan asalinta, mu dubi gonar alkama ta Kadawa da Haɗeja. Idan tanderu ya huce a Jakara, kirari ba zai sake hura shi ba.