Kayan awon ruwa: wanne ne mai araha na gaskiya?

Shekara biyu ke nan da muka gina ɗan tafkin siminti a bayan ajin CM2, muka zuba ƴaƴan karfasa don darasin kimiyya. Tun daga lokacin abokan aiki na wasu makarantu ke yi mini tambaya guda: wane kayan awon ruwa za su saya, mai faɗin gaskiya, wanda kuma asusun kwamitin iyaye zai iya ɗauka? Amsar da nake ba su a tsaye a bakin ƙofar makaranta takan yi gajarta, shi ya sa na ga gara in rubuta ta nan. Zan faro ta daga wuri mai nisa da Maraɗi, wato wurin masu kiwon murjani a cikin ɗaki, don a wurinsu na koyi yawancin abin da na sani.

Murjanin da iyayenmu mata ke ratayawa a wuya ƙashin wata ƙaramar halittar teku ne. A Turai da Amurka akwai masu kiwon danginta da rai a cikin akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, tare da ƙananan kifaye masu launi. Ƙanena da ke aiki a Faransa yana cikinsu. Ranar da ya fara nuna mini akwatin ta waya, kifin bai ɗauki hankalina ba kamar kantar da ke ƙarƙashinsa: kwalabe, sirinji, ƴan bututun gilashi, sai ka ce ɗakin awon jini.

Dalilin kuwa shi ne murjani ba ya jure canji. Ruwan teku yana da gishiri wajen giram 35 a kowace lita, haka ake so na akwatin ya tsaya. Kullum murjani yana zuƙe kalsiyom da kabonat daga ruwa yana gina ƙashinsa. A teku ba ya iya ƙarar da su, a akwati kuwa cikin ƴan kwanaki sai su ragu. Mai kiwo ke mayar da su da hannunsa, ya riƙe kalsiyom tsakanin miligiram 400 zuwa 450 a lita, ya kuma riƙe kabonat, wanda suke kira KH, wajen 8. To, da me zai san yawan abin da zai zuba? Da lambar da kayan awo suka ba shi. In kayan suka yi masa ƙarya, shi da kansa zai zuba abin da zai kashe halittar da ya yi shekaru yana reno. Wannan ya sa ba su da wasa wajen zaɓe.

Abin da ya burge ni shi ne yadda yake raba kuɗinsa. Don KH da kalsiyom yana amfani da kayan ɗigo masu sauƙin kuɗi, irin na Salifert ko Red Sea: a ɗebi ruwa da sirinji, a riƙa ɗiga magani har launi ya juya gaba ɗaya, a karanta yawan maganin da ya shiga. Ido ba ya ruɗewa a nan, domin a awon kalsiyom, misali, ruwan hoda ne ke komawa shuɗi. Don fosfat kuwa, inda bambancin 0.03 da 0.1 ke da muhimmanci a wurinsa, ya sayi ƴar na'urar Hanna mai karanta launi da haske, wadda kuɗinta ya haura jikka talatin. A wannan ƙanƙantar ido ba ya rarrabe shuɗi mai haske da wanda ya ɗan fi shi. Ma'aunin gishirinsa ba ya yarda da shi sai ya gwada shi da wani ruwa na musamman da aka san gishirinsa 35 ne daidai. Sau biyu ko uku a shekara yakan aika ruwan akwatin ɗakin bincike a Jamus, ya kwatanta da abin da yake samu a gida. Da na ce masa ni dai araha nake nema, sai ya ce: "Yaya, kafin ka tambayi kuɗin abu, tambayi kanka wace lamba ce in ka gan ta za ka tashi ka yi wani abu. Ita za ka saya wa ma'auni mai kyau. Sauran ka bar su."

Mu da ke kiwon karfasa ko tarwaɗa a ruwan daɗi, ba ruwanmu da kalsiyom da fosfat. Lambar da ke tayar da mu tsaye ita ce ta amoniya. Kifi yana fitar da ita daga jikinsa, ragowar abinci da ya ruɓe ma yana ƙara ta. A tafkin da ya kwana biyu akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke juya amoniya zuwa nitrit, wanda shi ma guba ne, sannan su juya nitrit zuwa nitrat, wanda kifi ke jurewa. Sai dai waɗannan ƙwayoyi sukan ɗauki sati huɗu zuwa shida kafin su yi yawa a sabon tafki, kuma a wannan tsakanin ne yawancin kifin makarantu ke mutuwa. Zafinmu yana ƙara tsananta abin. A ruwa mai zafin digiri 30, in pH yana 7, ɓangaren amoniya mai kisa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. In pH ya hau 8, sai ya koma wajen kashi 7 cikin 100. Sabon siminti kuwa yana ɗaga pH sosai, don haka ake cika tafki a zubar sau da yawa kafin a saka kifi.

A nan ne ƴar takardar tsomawa ke cutar mutane. Ita ce mafi sauƙin samu da sauƙin aiki: a tsoma, a jira minti guda, a kwatanta da launukan jikin gwangwani. An rubuta mata cewa tana auna abu biyar ko shida a lokaci guda. Ku karanta jerin da kyau. Akasari za ku ga pH, taurin ruwa, nitrit, nitrat da kulor, babu amoniya a ciki. Wata abokiyar aikina da ke koyarwa a wani ƙauye ta zuba ƴaƴan tarwaɗa da kuɗin da iyaye suka tara, tana tsoma takarda kowace safiya, takarda tana nuna lafiya lau. Cikin sati na biyu fiye da rabi suka taso ciki sama. Takardar ba ta yi ƙarya ba, abin da ya kashe su ne ba ta aunawa, mai sayarwa kuma bai faɗa mata ba. Abin da ya fi mutuwar kifin ciwo shi ne tsayawa gaban iyaye a yi bayani, domin a irin ƙauyukanmu in aiki ya faɗi sau ɗaya, da wuya a sake tara masa ko dala.

Mu abin da muka saya uku ne, duk na ɗigo: amoniya, nitrit da pH, sai ma'aunin zafi na gilashi. Shugaban kwamiti, dattijo ne mai riƙon amana, ya ce: "Malam, ga takarda jikka shida, ga kwalba ɗaya jikka tara, kai kuma ka zaɓi mai tsada?" Na kai lissafin aji, yara suka yi shi a allo. Gwangwanin takarda yana da guda 25, kowane awo ya tashi dala 48. Kwalbar ɗigo tana yin awo 60, kowanne dala 30. Na yarda takarda tana ba da lambobi da yawa a tsomi guda, amma lambar da muke bukata ba ta ciki. Da yara suka kai masa allon, ya duba ya ce a saya.

Sayen ma bai isa ba, sai an gwada ma'aunin kansa. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san tiyar da aka bubbuga wa gindi: kullum awo ɗaya take bayarwa, kuma kullum a tauye. Saboda haka in ka auna ruwa ɗaya sau uku ka samu lamba ɗaya, ka san dai hannunka bai rawa, ba ka san ko lambar daidai take ba. Ba mu da ruwan gwaji irin na ƙanena, amma muna da dabaru biyu. Na farko, a auna tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batirin mota, ba mai asid ɗin ba: amoniya da nitrit su nuna sifiri. Na biyu, ranar da ruwan tafki ya nuna wata lamba, a gauraya rabinsa da rabin tataccen ruwa a sake aunawa: ya kamata lambar ta sauko wajen rabi. In ba ta motsa ba, maganin ya mutu. Wannan dabara ba ta aiki ga pH, don lissafinsa daban ne. Shi muna gwada shi da ruwan lemun tsami da ruwan kanwa, mu ga ya tafi ƙasa ya kuma tafi sama. Malamin da ba shi da komai ma yana iya nuna wa yara wannan da ruwan zoɓo, wanda ke ƙara ja da lemun tsami, ya koma kore-kore da kanwa.

Maganin yana mutuwa da wuri a ƙasarmu. An yi shi ne don ajiya a ɗaki mai sanyi, ajinmu kuwa na kwano ne, a watan Afrilu kowa ya san yadda yake. Ku duba ranar ƙarewar aiki kafin ku biya, ku guji kwalbar da ta sha rana a teburin mai kaya. Namu yana cikin gwangwani mai murfi, a gindin randar ofishin darakta. Kada ku sayi babban akwati mai kwalabe goma da ba za ku ƙarar ba cikin shekara. Gara makarantu biyu ko uku da ke kusa su haɗa kuɗi su yi tarayya a ƙarami. Sauran aikin na ladabi ne: mililita biyar da sirinji, kwalba a tsaye sak lokacin ɗigo, a jira mintocin da aka rubuta, a duba launi a inuwa da rana a kan farar takarda. Nakan sa yara uku su karanta launin kowa shi kaɗai, ya rubuta kafin ya ji na ɗan'uwansa. Ta haka ne na gano wani yaro da ba ya rarrabe wasu launuka, abin da iyayensa ma ba su sani ba.

Akwai kuma abin da ba ya bukatar kwalba. In da asuba kifi ya taru a saman ruwa yana buɗe baki, iskar ruwan ce ta yi ƙaranci, a rage abinci a sauya wani ɓangare na ruwan.

Saura magana ɗaya da ta fi ta kifi nauyi. Da labari ya bazu cewa makaranta na da kayan awo, iyaye suka fara aiko da ruwan rijiya a gora: "Malam, a duba mana ko ya shawu." Nakan mayar da su da haƙuri. Kayan kifi ba sa ganin ƙwayoyin cutar zawo da kwalara. Haka ma ƴar na'urar nan mai kama da alƙalami da masu tallar matatar ruwa ke tsomawa a kofi: jimillar gishirin da ya narke kawai take ƙiyastawa, ba ta faɗin ko wane iri ne, ba ta kuma san ƙwayar cuta ba. Mu mutanen yankin nan ba sai an ba mu labarin Tibiri ba. Daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa wajen 2000 yara sun sha ruwan famfo garau, mai fuliyor da ya ninka haddin Hukumar Lafiya ta Duniya, wato miligiram 1.5 a lita, sau uku ko fiye. Haƙora suka rine, ƙafafun yara da yawa suka lanƙwashe. Babu ko ɗaya cikin kwalabenmu da zai nuna wannan.

Ruwan sha yana da nasa kayan. In ana zuba jabel ko Aquatabs, akwai ƙaramin ma'auni mai ƙwayar DPD da ke mayar da ruwa ruwan hoda, ana neman ragowar kulor tsakanin 0.2 da 0.5 bayan rabin awa. Akwai ƴar kwalbar da ke yin baƙi cikin kwana ɗaya ko biyu in ƙazantar bayan gida ta shiga rijiya. Fuliyor kuwa sai ɗakin bincike. Wannan shekara kwamitinmu ya rubuta wa ma'aikatar ruwa ta jiha takarda yana neman a auna ruwan rijiyar burtsatsen makaranta, ya kuma nemi a ba mu sakamakon a rubuce, da lambobinsa, mu liƙa a ƙofar ofis inda kowane uba zai iya karantawa.