Motar da Ba Ta Tashi Sai An Tura

A hunturun shekarar 2003 wani dattijo mazaunin Zariya, tsohon malamin gona da ya yi ritaya, ya shafe mako uku ba ya fita da motarsa sai ya tara yaran unguwa sun tura ta. Motar ƙirar Peugeot 504 ce, wadda jama'a suka fi sani da Fijo, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, har zuwa 2006 da aka daina yin su. Tun yana aiki ya saye ta da rancen mota, kuma a tsawon zamansu bakanike ɗaya ne tak yake taɓa ta.

Da tsufa ya cim mata, sai ta fara shan baƙin mai tana fitar da shuɗin hayaƙi. Bakaniken ya ba da shawara a sauke injin, dattijon ya amince, ya biya da bashin fanshonsa da aka daɗe ba a ba shi ba. Aka sa sababbin ringi da gasket, aka goge bawul, aka wanke gangar injin tas, har aka shafa mata fenti don ta yi kyan gani. Da la'asar aka kawo motar gida, tana tafiya sumul, babu hayaƙi babu ƙara. Washegari da sassafe ya ja cok, ya murɗa mabuɗi, sai ya ji sitata tana juya injin da ƙyar, kamar raƙumin da aka yi wa lodi fiye da ƙima yana ƙoƙarin miƙewa. Ya sake, ya kuma sakewa, motar ta ƙi tashi.

Da abin na yawon kasuwa ne, da da sauƙi. Amma uwargidansa tana fama da hawan jini da ciwon sukari, kowace Litinin sai ya kai ta asibiti, kuma wanda bai iso layin kati da wuri ba, to sai dai wani makon. Litinin ta farko sun makara. Ta biyu kuwa a kan babur aka ɗauke ta cikin sanyin nan mai ratsa ƙashi, shi kuma yana tsaye a ƙofar gida da mabuɗi a hannu.

Bisa ga ƙa'ida, injin fetur ba ya tashi sai abubuwa uku sun haɗu: mai gauraye da iska, da matsi a cikin silinda, da tartsatsin wuta a bakin fulogi a daidai lokacinsa. Kowane bakanike ya san wannan, kuma a kansu aka yi ta zagaye. Aka fara da cajin batir, da bai yi ba aka sayi sabo. Aka canja fulogi huɗu. Aka kwance kafireta aka wanke har sau biyu. Aka duba tazarar kwantak da ke cikin distirbuta, aka same ta milimita 0.4 kamar yadda ya kamata. Aka bi wayoyin fulogi don tabbatar da jerin 1-3-4-2, kuma a nan dole a yaba wa bakaniken, domin ya san cewa a injin Fijo daga ɓangaren kuloci ake fara ƙirga silinda, ba daga ɓangaren lagireto ba, abin da ya sha ruɗa masu koyon aiki. Babu ɗaya daga cikin waɗannan zato da yake na wauta. Illarsu kawai ita ce duk da rana ake yin su, bayan an turo motar gareji injin ya yi zafi. A lokacin kuwa tana ɗan jan jiki ta tashi, sai a rufe bonet a ce an gama. Gari na wayewa a koma gidan jiya.

Maƙwabta ma ba su yi shiru ba. Wani ya ce jabun kaya aka sa masa aka sayar da nasa na asali, wani ya ce motar ta gama yayinta a kai ta wurin masu gwangwan, wata tsohuwa kuma ta ce bakin mutane ne, tun da an ga ta fito fes. Maganar farko ce ta fi damunsa, domin ta shafi amanar shekara ashirin. Ya kwana yana juya ta a ransa, yana jin kunyar zargin, yana kuma kasa kore shi.

Aikin gona ya bar masa wata ɗabi'a ta rubuta abin da ya gani, kamar yadda a da yake rubuta yawan ruwan sama kowace safiya. Sai ya ɗauki ɗan littafi ya fara lura. Ya rubuta cewa da safe abin ya fi tsanani. Ya rubuta cewa idan yara suka tura, kafin a yi taku goma ta kama, kuma da zarar ta tashi tana hawa tudu da ƙarfinta. Abu na uku bai san ma'anarsa ba, amma ya rubuta: bayan ya daɗe yana murɗa mabuɗi, da ya buɗe bonet ya taɓa wayar cok sai ya ji ta da ɗumi, alhali injin yana da sanyi ƙalau.

Ya kai wa bakaniken littafin. Shi kuwa ya duba sama-sama ya ce, "Baba, sabon inji ne, bai saki ba. A ƙara haƙuri." Akwai gaskiya a cikin maganar, domin sababbin ringi suna kama jikin silinda sosai, matsi ya ƙaru, injin ya fi wuyar juyawa fiye da da. Sai dai rabin gaskiya ce, kuma irinta ta fi ƙarya hana mutum ci gaba da bincike.

Wani direban tasha ne ya haɗa shi da wani saurayi mai gyaran wayoyin mota, wanda ba shi da shago sai inuwar darbejiya da akwatin kayan aiki. Saurayin ya karanta littafin a tsanake, ya tsaya a kan layi na biyu. Ya ce motar da take kamawa nan take idan an tura ta, ai ta riga ta ba da shaida a kan kanta: mai yana zuwa, matsi yana nan, wuta tana faɗuwa a kan lokaci, in ba haka ba turi ba zai yi mata komai ba. Abin da turi ya cire daga lissafi shi ne sitata kaɗai. Da ya zo layi na uku sai ya ɗaga kai ya ce, "Baba, kada a taɓa ta gobe. Zan zo bayan sallar asuba in same ta da sanyinta."

Ya zo da mita da wayar jona batir. Ya auna batir ya samu bolt 12.6, wato cike yake. Daga nan ya ɗora kan mita ɗaya a kan ƙafar batir ta negatif, ɗayan a kan gangar injin, ya ce dattijon ya murɗa mabuɗi. Tsakanin waɗannan wurare biyu bai kamata a ga ko rabin bolt ba, domin kamar abu ɗaya suke. Mitar ta nuna fiye da biyu. Bai ce komai ba, ya ɗauki wayar jonawa ya maƙala daga negatif zuwa jikin injin kai tsaye. Murɗawa ɗaya motar ta tashi, har uwargida ta leƙo daga zaure.

Bayanin ba shi da wuya. Lantarki ba ya aiki sai ya je ya dawo. Daga batir yana bin kakkaurar waya zuwa sitata, amma komawarsa ta jikin injin ce, sannan ta wata saƙaƙƙiyar waya mai faɗi da take haɗa injin da jikin mota da batir. Duk wanda zai sauke inji dole ya kwance ta. Da saurayin ya kwanta ƙarƙashin motar, sai ya tarar an mayar da ita a kan sabon fentin nan, kuma ƙusar da hannu kawai aka ɗaura ta. Fenti ba ya wuce da lantarki. Ɗan abin da yake ratsawa ta zaren ƙusar ya ishi fitila da fulogi, shi ya sa motar take tafiya lafiya, amma sitata tana jan fiye da amfiya ɗari, sai hanyar ta yi mata ƙunci. Ta nan aka yi hasara biyu: injin ba ya juyawa da sauri, kwayil kuma ba ya samun isasshen ƙarfin da zai ba fulogi wuta mai kyau. Da safe sanyi yana sa baƙin mai ya yi kauri, ya rage wa batir kuzari, ya hana fetur saurin zama tururi, sai abin ya taru ya yi yawa. Ɗumin wayar cok kuwa, lantarki ne da ya rasa hanyarsa yake bi ta cikinta. Mako uku ke nan an bar jaki ana dukan taiki.

Dattijon ya hana saurayin ƙarasa gyaran. Ya biya shi ladansa, ya tuƙa motar zuwa tsohon garejin da wayar jonawa a maƙale, ya kira bakaniken gefe inda yaransa ba za su ji ba, ya nuna masa wurin. Bakaniken ya daɗe a durƙushe. Da ya miƙe bai ce yaro ne ya ɗaura ba, ko da yake yaron ne. Cewa ya yi, "Baba, ni ne ban bi baya na duba ba. A yafe mini." Ya ɗauko takardar gurza ƙarfe da kansa, ya kankare fentin har ƙarfe ya fito fari, ya goge kan wayar, ya ɗaure ƙusar da sifana, sannan ya shafa ɗan giris a kai saboda tsatsa. Aikin bai kai minti goma ba. Ya nemi ya biya kuɗin batirin da aka saya babu dalili, dattijon ya ƙi karɓa.

Litinin ta gaba, ƙarfe shida da kwata, yaran unguwa suka taru a ƙofar gida kamar yadda suka saba, suna hura hannu saboda sanyi. Dattijon ya ja cok, ya murɗa mabuɗi, motar ta tashi. Ya ba su kuɗin ƙosai duk da haka, ya buɗe wa uwargida ƙofa, suka kama hanyar asibiti.